Masu Gadin Jikin Tasalla

Shekara goma sha ɗaya ina gadi a Surulere,
ban taɓa ɗaga kulki a kan mai gida ba.
Ko ƙarfe uku ya dawo, ko fitilar motarsa ta mutu,
tarinsa kawai nake ji, in zare sakata.

Sai ga likita a Idi-Araba, Dakta Oyelaran,
ta cire tabarau, ta ce da ni ta bakin tafinta:
"Jikin kowa da masu gadinsa.
Na matarka sun manta fuskarta,
ita suke duka, suna zaton ɓarawo ne."
Na ce to a sallame su mana.
Ta ce ba a sallamarsu,
sai dai a yi ta ba su haƙuri da ƙwaya, iya tsawon rai.

Sunan cutar na cikin hulata, a takarda ninki huɗu.
Harshena bai iya shi ba.
Mai kemis a Mushin ma sai da ya juya takardar sama da ƙasa.

Tasalla, ke da yatsunki suka kitse rabin unguwar nan,
shuku da kalaba, amare har layi suke yi,
yau cokali ya fi ƙarfinki bayan la'asar.
Da safe ke ce, ba canji:
kina faɗa a kan gishirin da na zabga wa miya,
kina dariyar yadda nake shanya zani.
Da magariba fatar idonki ta sauko
kamar ƙofar shago in hadari ya taso daga teku,
maganarki ta koma ta hanci,
in dama koko tsararo, in ba ki,
in jira haɗiya ɗaya,
in ƙirga goma,
sannan ta biyu.

Gida sai waya suke. Yaya Sallau ya ce sammu ne, a kawo ki Gumel.
Inna ta aiko da saiwa a hannun direban motar shanu.
Na karɓa, na yi godiya, na ɗora bisa kwaba,
na ce mata kina sha, kina jin sauƙi.
Allah ya yafe mini wannan.
Filin da na saya a can kuwa ya narke,
ya zama kwalabe da rasit a cikin ledar baƙa.

In na tafi aiki, Iya Sikiru ke kwana a gefenki.
Hausarta ba ta wuce "sannu" ba, Yarbancinki bai kai kasuwa ba,
amma in an ɗauke wuta ta san inda kwalin fifita yake.

Akwai abin da ban gaya miki ba.
Wata Talata, danfo ta maƙale da mu a Ojuelegba, awa biyu cur,
kowa na zagi, kwandasta na dukan mota,
ni kuwa na jingina kai da taga ina jin daɗi,
don ba wanda zai kira sunana.
Da hanya ta buɗe, sai na ji haushi.
Har yau kunyar nan ba ta sake ni ba.

Jiya na tsefe miki kai, na gwada kitso.
Kika shafa a hankali, kika ce,
"Bawa, wannan ai titin Legas ne, ba a san inda ya nufa ba."
Muka yi dariya har numfashinki ya tsorata ni.

Da kika yi barci na kai bakina kusa da wuyan hannunki,
inda jijiya ke bugawa kamar takun mai sintiri,
na ce da su, magana ta abokan sana'a:
Jama'a, ku sauke kulki.
Ku saurari tarin nan da kyau.
Mai gida ce.

Ba su amsa ba.
Ladanin Idi-Araba ya kira assalatu,
na duba kwalba: saura ƙwaya tara,
wata kuma bai yi rabi ba.